Taura Biyu a Baki Ɗaya: Aikin Farfesan Fim a Jami'o'in Saudiyya

Tun da aka buɗe gidan sinima na farko a Riyad ranar 18 ga Afrilu, 2018, bayan kimanin shekara 35 ƙofofi suna garƙame, wata sabuwar magana ta shigo gidajen Hausawan Jidda da Makka da Madina. Yaro ko yarinya sun gama sakandare, uba yana jiran ya ji likitanci ko injiniyanci ko shari'a, sai ya ji an ce fim. Abin da iyaye kan fara tambaya shi ne ko akwai abinci a cikin harkar. Daga nan sai su ce, wai shi fim har karanta shi ake yi a jami'a? Wa ke koyar da shi, kuma shi a ina ya koya? Wannan tambaya ta ƙarshe ta fi yadda ake zato nauyi, domin ƙasar da ta daɗe ba ta da sinima ba ta da tsofaffin malaman da za ta ɗauko ta danƙa wa aji.

Akwai abu biyu da ake yawan cakuɗawa: nazarin fim da rubutun fim. Mai nazari yana zama ne da fim ɗin da aka riga aka gama, ya warware shi zare-zare. Me ya sa kyamara ta tsaya a nan ba can ba, me ya sa aka yanke hoto a wannan daƙiƙar, wa ya zuba kuɗin, wane zamani ya haifi labarin, su wa aka nuna, su wa aka bari a bayan fage. Ɗan'uwan malamin adabi ne da malamin tarihi, kuma abin da ke fita daga hannunsa maƙala ce da littafi. Mai koyar da rubutu kuwa da abin da bai wanzu ba tukuna yake kokawa. Ɗalibi zai kawo masa shafi 10 marasa ƙashi, shi kuma ya gano inda labarin ya kwanta, ya nuna masa yadda zai tashe shi ba tare da ya karɓe masa alƙalami ba. In ya zauna nasa aikin, abin da yake samarwa tsararren labari ne da za a kai gaban kyamara, wanda galibi ba a ma buga shi a littafi.

Sashen fim a yawancin jami'o'i ƙarami ne, kuɗin ɗaukar mutum biyu ba kullum ake samu ba, don haka mutum ɗaya ake ɗora wa duka. An ce taura biyu ba ta taunuwa, amma wannan bawan Allah da su aka ɗauke shi aiki. Jami'a tana duba maƙalunsa in zai hau gaba. Ɗalibai da furodusoshi kuwa abin da suke tambaya shi ne, wane fim ya taɓa rubutawa?

Kujerar malamin fim tsohuwa ce a duniya. A Mosko aka kafa makarantar fim ta farko a 1919. Jami'ar Kudancin Kalifoniya da ke Los Anjeles ta fara darasin fim a 1929 tare da hukumar nan mai ba da kyautar Oska. A ƙasashen Larabawa Masar ce ta riga kowa, da Babbar Cibiyar Sinima ta Alƙahira wadda ta fara aiki a 1959. Waɗanda suka fara riƙe aji a wuraren nan galibi 'yan sana'a ne. Lev Kuleshov na Mosko darakta ne, kuma da yake fim ɗin ɗauka ya yi ƙaranci bayan juyin juya halin Rasha, shi da ɗalibansa sukan shirya fitowa a aji su maimaita ta babu abin da ke naɗa. Salah Abu Saif na Masar daga ɗakin tace hoto ya taso, kuma a hannunsa Najib Mahfuz ya koyi tsara labarin fim a shekarun 1940, tun kafin duniya ta san shi da kyautar Nobel ta 1988. Nazarin fim a matsayin fannin bincike, mai digiri na uku da mujallu da taruka, sai a shekarun 1960 da 1970 ya kafu a Faransa da Ingila da Amurka. Wato sana'ar ce ta fara shiga aji, tsanin ƙarin girma ya tarar da ita a ciki, kuma ba don ita aka sassaƙa shi ba.

In ana neman misalin mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa a koyar da rubutun fim, Frank Daniel ya isa. Ɗan Chekoslobakiya ne, ya yi karatu a Mosko, ya shugabanci makarantar fim ta birnin Furag, ya bar ƙasarsa bayan tankokin Tarayyar Sobiyet sun shiga a 1968. A Amurka ya jagoranci makarantar Cibiyar Fim ta Amurka, ya riƙe sashen fim na Jami'ar Kolambiya, a 1986 ya zama shugaban tsangayar fim ta Kudancin Kalifoniya, ya rasu a 1996. Abin da aka fi tunawa da shi ba littafi ba ne, hanya ce ta koyarwa. Yakan sa ɗalibi ya kasa dogon fim kashi 8, kowane kashi na minti 10 zuwa 15, da tasa ƙaramar tambayar da tasa amsar. Ya lura cewa tsawon faifan majigi na da ne ya tilasta wa marubutan farko wannan kaso, kuma ya ga yana hana tsakiyar labari yin sanyi. Ɗalibansa suka yaɗa hanyar baki da baki, aji zuwa aji. Da a teburin kwamitin ƙirga maƙalu aka ajiye aikinsa, da wuya ya cika ma'auni.

'Yan'uwanmu na Sudan sun ga ɗayan gefen. A shekarun 1960 da 1970 matasansu sun fita sun yi karatun fim mai kyau: Ibrahim Shaddad a Jamus ta Gabas, Sulaiman Muhammad Ibrahim a Mosko, Ɗayyib Mahdi a Alƙahira. Sun dawo, sun kafa Ƙungiyar Fim ta Sudan a Afrilun 1989. Ranar 30 ga Yuni na shekarar Umar al-Bashir ya yi juyin mulki, harkar ta durƙushe, mutanen da ya kamata su yaye ɗalibai bi da bi suka tsufa babu aji mai ɗorewa a hannunsu. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne cewa Muhammad Kurdufani, wanda fim ɗinsa ya kai Sudan bikin Kan na Faransa a 2023, injiniyan jiragen sama ne da ya koyi fim da kansa.

A Saudiyya ma ta taga aka riƙa shiga. Kafin a rufe, Jidda tana da sinimomin tsakar gida, inda ake kafa majigi a fili mai katanga, a jera kujeru, a haska finafinan Masar da na Indiya. Dattawan unguwannin Bab Sharif da Hindawiyya, cikinsu har da namu, suna tuna su. Bayan mamayar Masallacin Harami a Nuwambar 1979 iska ta sauya, zuwa farkon shekarun 1980 an rufe su. Wanda ke son karatun fim sai ya fita. Haifa al-Mansur, wadda ta yi fim ɗin *Wadjda* a 2012, adabi ta karanta a Jami'ar Amurka da ke Alƙahira, ta yi digiri na biyu kan fim a Jami'ar Sidni ta Ostireliya, kuma wasu fitowar kan titin Riyad daga cikin mota ta ba da umarninsu ta oba-oba. Samarin kamfanin shirya bidiyo na Telfaz11, da suka fara a 2011, YouTube ne ajinsu. Jami'ar Effat ta Jidda, wadda aka kafa a 1999 a matsayin kwalejin mata, ita ce ta yi ƙundumbalar buɗe sashen shirya fim a 2013 da taimakon Kudancin Kalifoniya, shekara 5 kafin a sake buɗe gidajen sinima a ƙasar. 'Yan matan farko sun yi karatun sana'ar da ba su da inda za su je su kalle ta a garinsu.

Daga 2018 abubuwa suka zo da gudu: Ma'aikatar Al'adu a 2018, Hukumar Fim a 2020, bikin finafinai na Bahar Maliya a Jidda a Disambar 2021, sai alƙawarin mayar wa kamfanonin da suka ɗauki fim a ƙasar har kashi 40 cikin 100 na wasu kuɗin da suka kashe. Kuɗi kan iya gina gidan sinima a shekara guda. Farfesa kuwa akwai lissafinsa.

A jami'o'in gwamnati matakan 5 ne. Ana farawa da mu'idi, wato haziƙin ɗalibin da ya gama digiri na farko sashe ya riƙe shi, galibi a tura shi waje ƙaro karatu. In ya yi digiri na biyu ya zama muhadiri. In ya yi na uku ya zama ustaz musa'id, mataimakin farfesa ke nan. Sai ustaz musharik, sai cikakken ustaz. Ƙa'idar da jami'o'in suka daɗe suna bi tun ƙarshen shekarun 1990 ta ce ba a neman hawa daga mataimaki zuwa musharik, ko daga musharik zuwa cikakke, sai an yi aƙalla shekara 4 a matakin da ake kai. A yi lissafi: wadda ta shiga ajin farko a 2013, ta gama a 2017, ta yi digiri na biyu a shekara 2, na uku a shekara 4, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, ba aure ko haihuwa ko rashin lafiya da ya tsayar da ita, sai wajen 2031 za ta iya zama cikakkiyar farfesa. Kafin nan dole ajin ya dogara da malaman da aka ɗauko daga Masar da Labanon da Tunusiya da Turai da Amurka, da kuma 'yan ƙasa da suka shigo daga fannin jarida ko adabi ko wasan kwaikwayo.

Wurin da rigimar take shi ne yadda ake auna fayil ɗin neman ƙarin girma. Maki 100 ne: 60 na bincike, 25 na koyarwa, 15 na hidimar jami'a da al'umma. Binciken kuma da awo ake ƙirga shi. Mai neman zama musharik sai ya kawo awo 4, aƙalla 2 nasa shi kaɗai. Mai neman zama cikakken farfesa awo 6, aƙalla 3 nasa shi kaɗai. Maƙalar da mutum ya rubuta shi kaɗai a mujallar da masana ke tantancewa awo 1 ce. In su biyu ne kowa ya ɗauki rabi. In sun fi biyu, na farko ya samu rabi, sauran rubu'i-rubu'i. Daga nan a aika fayil ɗin ga masana 3 su duba a asirce. To ina matsayin fim? Ƙa'idar ta yarda da abin da ta kira fitaccen aikin ƙirƙira, amma ba a karɓar fiye da awo 1 daga gare shi. Ko da malami ya rubuta finafinai 3 da suka zaga bukukuwan duniya, a fayil ɗinsa nauyinsu bai wuce na maƙala guda mai shafi 20 ba.

Ba mugunta ce ta sa aka rubuta haka ba. Waɗanda suka tsara ƙa'idar likitoci da injiniyoyi da malaman shari'a da adabi ke gabansu, a lokacin da babu wanda ya yi tunanin za a buɗe sashen fim. Kuma tsoronsu yana da tushe: maƙala an san yadda ake tantance ta, fim kuwa aikin mutum 50 ne ko fiye, wa zai rantse cewa kyansa daga marubuci ya fito ba daga darakta ko mai tace hoto ba? Duk da haka sakamakon a fili yake. Malami mai wayo zai ajiye rubutun fim ya koma farautar mujallun da ke cikin jerin Scopus, wato kundin mujallun ilimi na duniya, tunda su ake ƙirgawa, su ne kuma ke ɗaga sunan jami'a a jadawalin duniya. Bayan shekara 10 ya zama farfesan rubutun fim wanda rabonsa da rubuta fitowa tun yana ɗalibi. Wanda ya riƙe sana'ar kuwa zai daɗe a ƙasan tsani, kuma a wannan tsari na ƙasa shi ya fi ɗaukar kaya: mataimakin farfesa awa 14 yake koyarwa a mako, musharik 12, cikakke 10, muhadiri da mu'idi 16.

Amurka ta warware nata ta wata hanya. A can akwai digiri na biyu na ƙwarewar fasaha, mai shekara 2 zuwa 3, wanda jami'o'i suka amince shi ne ƙarshen karatu ga mai sana'a, kuma da shi mutum kan kai har farfesa, ana auna shi da finafinansa da inda aka nuna su. Matsalar ita ce wanda ya ɗauko wannan takarda ya dawo tsarin da digiri na uku kawai ya sani, digiri na biyu za a lissafa masa, ya zauna a muhadiri. Ingila da Ostireliya sun ɓullo da gada: digiri na uku wanda ɗalibi zai rubuta cikakken labarin fim, ya haɗa da dogon sharhi kan tambayar binciken da rubutun ya amsa. Har mujalla ta musamman kan nazarin rubutun fim aka fara bugawa a Ingila a 2010. Duk matashin da ke son aji da sana'a tare, a ganina wannan gadar ce ta fi masa. Amma ya tabbatar ma'aikatar ilimi za ta amince da jami'ar da shirin kafin ya biya riyal ɗaya.

Abin da fayil ba ya iya nunawa shi ne abin da ke faruwa a aji. A ce wata ɗaliba, jikar Hausawan unguwar Shara Mansur ta Makka, ta kawo labarin kakarta mai sayar da kuka da daddawa da goro. A rubutun farko tsohuwar tana zaune a tabarma, shafi 3 cur tana ba jikarta labarin yadda iyayenta suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, suka ratsa Chadi, suka yi noman auduga a Sudan don tara guzuri, suka tsallaka teku daga Sawakin. Tarihi ne na gaskiya, hanya ce da dubban mutane suka bi, har garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu ya samo asali daga hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903. Ajin ya yi tsit ana karantawa, amma tsit ɗin gajiya ne.

Malamin ya ajiye takardar ya ce, "Na ji daga inda ta fito. Me take so yau, kafin a kira magariba?"

"Dakta, ai labarin take bayarwa."

"Shi ke nan, ta bayar. In na tashi na je na sha ruwa na dawo, me na rasa?"

Ɗalibar ta yi shiru, can ta ce a gaskiya akwai shekarar da aka yi bikin ƙanwar babarta a Jidda, kakar ba ta je ba, domin iƙamarta, wato takardar izinin zamanta, ta ƙare, ga shingen bincike a Shumaisi, tsakanin Makka da Jidda. Malamin ya ce ta rubuto wannan, kada kalmar iƙama ta fito a bakin kowa. Mako na gaba ta dawo da shafi ɗaya da rabi. Tsohuwar ta goge atamfarta tun dare, ta ƙunsa lalle hannu da ƙafa, ta ɗaure turaren amarya a leda. Jikar ta leƙo ta ce, "Hajiya, mota ta iso, ke ake jira." Ita kuma ba ta ɗago ba, ta miƙa ledar ta ce, "Ku yi gaba, 'yar nan, ƙafar ce ta motsa. Ki ce mata ta turara da daddare." Jikar ta tsaya tana kallon lallen. Shi ke nan fitowar. Duk tafiyar Chadi da Sudan tana ciki ba a ambace ta ba.

Wannan gyaran shi ne tsantsar aikin, kuma ba a yin sa da lacca. Sai malami ya karanta kowane shafi na kowane ɗalibi, sau 3 ko 4, ya tuna abin da ya gaya masa makon jiya. A ƙa'idar sana'ar shafi guda minti guda ne a allo, dogon fim kuwa shafi 90 zuwa 120. In aji na da mutum 15 a shekarar ƙarshe, kowa da dogon labarinsa, shafi 1,500 ke nan a zagaye ɗaya, kafin a zo ga gyara. Duk wannan a cikin maki 25 na koyarwa yake narkewa.

Fitowar tsohuwar nan ta tono wasu matsaloli biyu da malamin fim na Los Anjeles bai san da su ba. Ta farko harshe. A Effat da Turanci ake koyarwa, littattafan sana'ar ma yawancinsu da Turanci suke. Jaruman kuwa Larabcin gida za su yi, na Hijaz ko na Najdu, domin ba wanda ke faɗa da matarsa da Larabcin labaran talabijin. In za a nemi kuɗi a wuraren horaswa irin na bikin Bahar Maliya, wanda ke aiki da wata cibiyar horaswa ta birnin Turin a Italiya, akwai masu karatu da sai an ba su fassara. Kakar kuma da Hausa take magana, jikar ta amsa da Hausar da ta sha Larabci. Hatta shimfiɗar shafi ba ɗaya ba ce: tsohon salon Masar yakan raba shafi gida biyu, hoto a gefe, magana a gefe, salon Amurka kuwa daga sama zuwa ƙasa yake gangarowa, kuma fitattun manhajojin rubutun fim don rubutun hagu zuwa dama aka gina su. Malamin ne zai yanke wa ajinsa wanda za a bi.

Ta biyu iyaka. Babu shakka fili ya faɗaɗa. Fim ɗin *Mandoob* na 2023, wanda ya yi kasuwa sosai, labarin mai kai saƙo ne a Riyad da ya faɗa harkar giyar ɓoye, abin da ba a taɓa tunanin gani a allon ƙasar ba shekara 10 kafin nan. Amma ba kowace iyaka ce a rubuce ba. Labarin da ya taɓa takardun zama, ko launin fata, ko rushe unguwanni, malami ba zai iya gaya wa ɗalibi da tabbaci ga inda zai wuce ga inda zai tsaya ba. Malamin kirki yakan koya wa ɗalibi ya bar hoto ya faɗi abin da baki ba zai faɗa ba, kuma sau da yawa hakan ya fi kyau ko da babu mai tacewa. Sai dai tsakanin koyar da dabara da koyar da tsoro tazarar kaɗan ce, musamman ga malamin da kwantiraginsa ke jiran sabuntawa.

A nan ne Hausawan ƙasar suka rabu gida biyu. Akwai 'yan ƙasa, zuriyar waɗanda suka zauna tun da daɗewa, masu laƙabin Hausawi da Fallata da Barnawi. Usama Hausawi ne kyaftin ɗin Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. Ɗan wannan gida in ya yi fice zai iya zama mu'idi, gwamnati ta kai shi waje, ya dawo kujerarsa tana jiransa, kuma Ma'aikatar Al'adu tana da nata shirin tura ɗalibai karatun fasaha, har da fim. Akwai kuma masu iƙama, wasunsu a Makka aka haife su, a Makka aka haifi iyayensu, amma fasfonsu na Nijeriya ne ko Nijar. Wannan in ya samu aikin koyarwa, a kwantiragi zai yi shi kamar kowane baƙo, kuma manufar fifita 'yan ƙasa tana nufin ranar da ɗan ƙasa mai takarda irin tasa ya dawo daga karatu, zamansa ya shiga lissafi. Ga irinsa hanyoyin da suka fi buɗuwa su ne jami'a mai zaman kanta in akwai halin biya, ko fita waje, ko komawa gida, inda Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa ke Jos tun 1995. Bai kamata a ɓoye wa yaro wannan bambancin ba lokacin da yake zaɓen fanni.

Kwatanta da Kano yana haska abin sosai. A can kasuwa ce ta fara. An fitar da *Turmin Danya* a 1990, 'yan wasa da 'yan kasuwar kaset suka gina masana'anta babu gwamnati babu jami'a, daga baya malamai suka biyo suna nazari. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya zama farfesan koyar da kimiyya tun 1997, sha'awar adabin kasuwa da finafinan Hausa ta ja shi har ya jagoranci taron masana kan finafinan Hausa a Kano a 2003, ya kuma sake zama farfesa karo na biyu a fannin sadarwa da al'adu a 2012. Ƙarfin jami'a a Kano nazari ne, rubutun kuwa a hannun marubutan littattafai da 'yan masana'anta ya zauna, suna koyon sa a lokeshan. A Saudiyya akasin haka aka yi: kuɗin gwamnati ne ya fara zuwa, aka juya ga jami'a aka ce ta samar da ma'aikata da gaggawa, alhali ƙa'idarta ta ƙarin girma tana tura malamin zuwa laburare.

Ba ina rage darajar nazari ba ne. A ƙasar nan ma shi ne aikin da ya fi gaggawa ta wata fuskar. Waɗanda suka zauna a sinimomin tsakar gida suna ta tafiya. Rusau ɗin da aka fara a Jidda a ƙarshen 2021 ya shafe unguwanni irin su Gulail da Bitrumin da Sabil da Kandara, inda baƙi 'yan Afirka da yawa suka zauna, jama'ar kuma ta watsu. Yadda kaset ɗin Kano ya riƙa shigowa a jakar alhazai, yadda gida guda ke kallon wasan Masar da na Indiya da na Hausa a dare ɗaya, yadda aka koma CD, aka koma YouTube da Arewa24, duk wannan abin digiri na uku ne, kuma wanda ya iya Hausa da Larabcin Hijaz ne kawai zai iya zama da dattawan ya ji daga bakinsu. Baƙon farfesa, komai iliminsa, sai da tafinta. A nan ɗan Hausa mai son fannin yake da abin da ba a saya da kuɗin tallafi, kuma irin aikin da ƙa'idar ke ƙirgawa ne.

Sabuwar dokar jami'o'i ta 2019 ta fara ba wasu manyan jami'o'i 'yancin tsara al'amuransu, an fara da ta Sarki Sa'ud da ta Sarki Abdul'aziz da ta Imam Abdurrahman bin Faisal. Ƙofa ce da za a iya bi a gyara ma'aunin, amma gyaran ba sauƙi gare shi ba. Za a iya cewa zaɓen fim a babban biki ya tsaya a madadin tantancewar masana, tunda kwamiti ne ke tace ɗaruruwa ya ɗauki kaɗan. To wane biki, kuma wa zai rubuta jerin? Labarin da kamfani ya saya ya ajiye a durowa shekara 5 bai ɗauka ba, an wallafa shi ko ba a wallafa ba? Masana 3 da za a aika wa fayil, in malaman jarida ne da ba su taɓa karanta tsararren labarin fim ba, da me za su auna? Ga kuma shiri mai dogon zango, inda aiki da kuɗi suka fi yawa yanzu, wanda mutum 5 ko 6 ke rubutawa a ɗaki ɗaya. In aka bi ƙa'idar rabon maƙala, malamin da sunansa ya zo na uku a shirin da miliyoyi suka kalla rubu'in awo zai kai gaban majalisar ilimi ta jami'a.